Tsakuwoyin da Na Cire daga Gorar Auta

Jikokina sun ce ni masifaffiya ce, kuma ban musa ba. Duk wanda ya ce mani magani ya karɓi yaro, sai na tambaye shi wa ya ga an ba shi, da wane hannu, ya haɗiye ko ya tofar. Sai su yi ta dariya, wai tsohuwa ta fi likita bincike. Su yi dariyarsu. Ni na san inda na koyo halin nan, kuma ba da daɗi na koyo shi ba.

A wani ƙauye munka tashi kusa da Tama, gidaje bisa tudun duwatsu, garake ƙasa cikin fadama. Mu uku ne wurin innarmu. Akwai wana, saurayi mai shekara kamar ashirin, sai ni ina wajen sha biyu, sai autanmu mai shekara bakwai. Tsakanina da wana an haifi uku, ba su zauna ba. Babanmu ya tafi cin rani can kudu, ƙasar da Ingilishi ke mulki, shekarar da yaƙin anasara ya tashi, anka tsare hanyoyi, daga nan ba shi ba saƙo. Wana ne ya zama hauyar gidan. Shi ke noman hatsi da damina, shi ke ban ruwan albasa da rani, kuma an riga an kai mashi gaisuwa gidan wata yarinya a Deule. Inna ba ta faɗin sunansa, ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan na zaure", don can yake kwana.

Auta ya fara faɗuwa shina da shekara shida, kuma bai tashi faɗuwa ko'ina ba sai tsakiyar kasuwar Tama. Ina riƙe da hannunsa, sai na ji ya sandare, ya yi wata ƙara, ya kife. Ƙafafu na bugun ƙasa, ido ya juye, kumfa na fita baki. Kafin in waiwaya fili ya buɗe kamar an saki kura. Mai fura ta kwashe ƙwaryarta, mai gishiri ya ja buhunsa, wata tsohuwa tana ta ce mani in matsa kada yawunsa ya taɓa ni. Ban matsa ba, ba don jaruntaka ba, don ban san inda zan matsa in je ba. Kafin la'asar duk ƙauyukan fadama sun ji cewa ɗan gidanmu na da farfaɗiya.

Wanda bai zauna da mutanenmu na zamanin ba ba zai gane nauyin kalmar ba. An ɗauka ciwon a yawu yake. Anka ware mashi ƙwaryarsa, anka ƙona bakinta da wuta don a shaida ta. Iyaye sunka hana yaransu wasa da shi. Maƙwabciyar da ta saba aiko mana da miya ta koma aikowa a ganye, don kada akushinta ya shigo gidan. An yi rubutu, an yi turare, an jiƙa sassaƙe, an yanka baƙin zakara, ciwo na nan inda yake. Ni anka ɗora wa tsaronsa. In ya faɗi, in juya shi gefe, in tallafi kansa kada ya bugi dutse, in jira. In ya farfaɗo, ba ya tuna komi. Sai ya dube ni ya ce, "Yaya, mi ya sa kike kuka?" In ce hayaƙi ne.

Yaro ne mai baki, Allah ya sani. Ya san sunan kowace akuya a unguwa da ta wanda ce, kuma in ka ba shi labari yau, gobe shi zai gyara maka inda ka yi kure. Abin da ya fi so a duniya shi ne garka. Tun da ciwon ya bayyana anka hana shi sauka fadama saboda rijiyoyi, don rijiyoyinmu ba su da baki, rami ne kawai tsakiyar albasa. Kullum da safe shina tsaye bakin tudu shina leƙen wana na jan wasaki, gugan fatar da ake ban ruwa da shi.

Wata mai sayen albasa ce ta gaya wa inna cewa akwai likita a Madawa da ke ba da wata farar ƙwaya ta masu faɗuwa. Munka shirya. Inna ba ta iya barin gida ba, saboda haka wana ya ɗaura wa jaki mangala, ya ɗora auta, ni ina biye. Tun asuba munka kama hanya, sai bayan la'asar munka shiga gari, munka kwana gidan wata 'yar ƙauyenmu da ke aure can. Da safe, da munka iso gidan likita, wana ya ja ya tsaya ƙarƙashin wata tsamiya can nesa da ƙofa. Ya ce shi ba shi shiga, samari irinsa anasara ke kamawa soja ko aikin hanya. Gaskiya ne ana kamawa, don haka na yarda. Na ja hannun auta munka shiga.

Likitan baƙar fata ne, mutumin yamma, Hausarsa a karkace amma ana ganewa. Yara masu irin ciwon sun kai goma a rumfar. Abin da ya fara gaya wa iyaye shi ne ƙwayar kaɗan ce, saboda yaƙi jiragen ruwa ba su zuwa, ba za ta ishi kowa ba. Ya ce kuma ba kowane yaro take kamawa ba, don haka sai ya zaɓa. Wani dattijo ya tambaye shi ko ƙasa zai buga. Ya ce shi ba shi duba, tambaya yake yi.

Ya ko yi tambaya. Da ya zo kanmu ya nemi babba, na ce ni ce babbar. Ya dube ni sama da ƙasa, sannan ya fara. Yaushe yaron ya fara tafiya, tare da tsaransa ko bayansu? Yaushe ya fara magana? An sha wuya wurin haihuwarsa? Ya taɓa yin zazzaɓin da ya sandare mashi wuya? In ya faɗi, faɗuwar iri ɗaya ce kullum ko takan sake kama? Takan daɗe kamar dafuwar tuwo ko kamar shan ruwa? Sau nawa a wata? Na ce kamar goma, wani watan da ɗoriya. Ya sa auta ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya matse mashi yatsu da hannun dama da na hagu, ya duba jikinsa ko akwai tabon wuta. Sannan ya ce ya faɗa mashi abin da ya gani a hanya. Ai kamar jira yake. Auta ya kawo raƙuman Buzaye goma sha ɗaya, da wanda ke ɗingishi, da matar da tulunta ya fashe a gangare. Sai da likita ya ɗaga hannu ya tsai da shi.

Ya ce mani, "Saurara, yarinya. Wanda anka haifa da wahala, ya yi jinkirin tafiya, gefe ɗaya ba ƙarfi, faɗuwarsa iri-iri, wannan ƙwayar ba ta cika kama shi ba. Amma ƙanenki kansa garau, jikinsa daidai, ciwon bai daɗe ba, faɗuwar iri ɗaya. Irinsu ne take kamawa. Ban ce na san gaibu ba, amma idona bai cika kuskure ba."

Cikin yaran nan huɗu ya zaɓa, auta na ciki. Na ga wata mata ta goya ɗanta ta fita ba ta yi sallama da kowa ba. Na ji tausayinta, amma ba zan ɓoye ba, daɗi ya fi yawa a raina.

Sai ya kawo sharaɗi. Da yake ba mu iya rubutu, ya ɗauko wata 'yar gora mai marfi ya ba ni. Ya ce duk faɗuwa ɗaya in jefa tsakuwa ɗaya, ba ragi ba ƙari, in wata ya kama in kawo. In tsakuwa ta ragu, magani ya karɓe shi, za a ci gaba. In ba ta ragu ba, to shi ya yi kuskure, sai ya ba wani yaron gurbin. Ya ce ƙwaya ɗaya kowane maraice, kwanakin farko zai yi ta barci kamar mai maye, kada mu ji tsoro, alamar ta shiga jiki ke nan. Kada ya kusanci wuta ko rijiya sai shi likita ya ba da izini. Ya ƙirga ƙwayoyin cikin takarda ya naɗe, na ƙulle a bakin zane, ina tafe ina taɓa ƙullin har gida.

Inna ta karɓa da hannu biyu ta shige ɗaki. Mu can ba a ba da magani a gaban jama'a, an ce ido na kashe shi, ko rubutun malam a ɓoye ake sha. Saboda haka da ta ce ita za ta riƙa niƙawa tana damawa cikin fura a ɗakinta, ban ga abin tambaya ba. Kowane maraice sai ta fito da ƙwaryar nan mai ƙonannen baki ta miƙa wa auta. Ya kurɓa ya yamutsa fuska ya ce da ɗaci. Ta ce magani ke nan. Sai ya toshe hanci ya shanye tas, ya kife ƙwaryar ya nuna mana.

Na zauna jiran barcin da likita ya faɗa. Kwana uku, kwana bakwai, auta ido biyu kamar zomo, shi ke riga zakara tashi. Wanda barci ya kama a gidan wana ne. Mutumin da bai taɓa barin rana ta same shi kwance ba, sai ga shi hantsi ya yi inna na tsaye ƙofar zaure tana kira. Har abokansa sunka riƙa tsokanarsa wai tun ba a kawo amarya ba ya fara makara. Ni ma na yi dariya da su. Akwai kuma wani abu. Da can wana na da abin da muke kira hannun safe, in ya tashi daga barci hannunsa kan fizga, ya zubar da kunu ko ya yar da buta, mu yi ta yi mashi tsiya. A watan nan abin ya ɓace. Na lura, har na ce mashi an yi hankali. An ce ruwa ba ya tsami banza, amma ni a lokacin ko ɗanɗanawa ban yi ba.

Auta kuwa faɗuwa yake yi kamar da. Ina jefa tsakuwa ina jin ƙararta har cikin haƙorana. Ran da wata ya kama na zazzage gorar a tabarma, tara cif. Na fashe da kuka, don na san ma'anarta, za a ba wani gurbinsa.

Inna ta zo ta zauna kusa da ni. Ta sa yatsa ta ware shida gefe, ta bar uku. Ta ce, "Mai da waɗannan."

Na ce, "Inna, ya ce ba ragi ba ƙari."

Ta ce, "Shi ya haifa maki shi? Magani ba ya aiki a wata guda. Ciwon da ya shekara a jiki, kwana talatin za su fid da shi? In kin kai tara an yanke, kin kashe ƙanenki da gaskiyarki. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba ya ganinsa."

Na yarda. Wallahi har na ji ina ƙara sonta, na ce uwa ke nan, ta san yadda za ta kare ɗanta. Tsakuwoyi shidan dai na kasa zubarwa, don kowace ɗaya rana ce da na riƙe kansa a cinyata. Na cusa su cikin wata tsaga a ginin bayan rumbu.

Munka koma Madawa ni da wana, shi ƙarƙashin tsamiya, ni ciki. Likita ya girgiza gora, ya zazzage, ya ga uku, ya yi murmushi. Ya tambaya ko ya yi barcin, na ce ya yi. Wata na biyu takwas ne, na kai biyu. Ƙarya ta farko ce ke da nauyi, ta biyu har da ƙarin gishiri na yi, na ce yaro ya yi ƙiba. Ya ce watan gobe in zo da shi ya gani.

Kafin mu tashi a wata na uku, inna ta ja kunnen auta ta ce in likita ya tambaye shi ya ce lafiya lau. Ba ta ma buƙatar wahalar ba. Yaron ba ya tuna faɗuwarsa, ni kuma kullum hayaƙi nake ce mashi. A wannan watan sau goma ya faɗi, na kai ɗaya. Likita ya riƙe tsakuwar nan tsakanin yatsu biyu ya ɗaga ta sama don sauran iyaye su gani. Ya ce ga abin da yake gaya masu, in yaro na cikin waɗanda ƙwaya ke kamawa, haka take yi. Ya dafa kan auta ya ce, "Kai, mai raƙuma, mi kake so ka yi in ka warke?"

Auta ya ce, "Ban ruwa."

Likita ya yi dariya ya ce, "To ka kusa. Daga goma zuwa ɗaya, ai ka warke saura kaɗan. Kana iya sauka garka, amma tare da yayarka."

Na tsaya kamar an dasa ni. Bakina ya buɗe zan yi magana, sai na tuna matar da ta goya ɗanta ta fita, na rufe shi. Wannan shirun nawa ne, ban ɗora wa kowa ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Yaro ya ji da kunnensa. "Tare da yayarka" ta faɗi a hanya tun kafin mu wuce Azarori, "ka warke" ce kawai ta iso gida. Duk wanda ya gani sai ya gaya mashi. Na ce ba za ya sauka ba, ya ce likita ya fi ni sani. Na yi lallashi, na yi zagi, har duka na yi, abin da ban taɓa yi ba. Na je wurin inna na ce ta gaya mashi gaskiya shina faɗuwa har yanzu. Ta ce kada in kuskura, bakinsa ba shi da linzami, zai kai wa likita. Na koma ɗaure bakin zanena da igiyar wandonsa in muna zaune. Sau biyu na kamo shi a gangare.

Ran da abin ya faru dangin yarinyar Deule ne za su zo sa rana. Tun da sassafe inna ta ɗora ni kan turmi, hatsi ƙwarya uku. Ba a daka da yaro ɗaure a zane, na kwance shi na zaunar da shi inda nake ganinsa. Na duƙa in yi bakace, na ɗago, ba shi. Na tambayi inna, ta ce shina bayan ɗaki, in gama aikina baƙi na hanya. Na ƙara luguden da bai fi goma ba, raina ya ƙi, na yar da taɓarya na ruga.

A tsakiyar gangare na gamu da wana shina hawowa da shi a kafaɗa, ruwa na zuba daga rigunansu su biyu. Ruwan rijiyar bai wuce ƙirjin babban mutum ba. Wana ya ce ya je ɗebo albasar baƙi ne ya ga 'yar ƙwarya mai ƙonannen baki a bakin ramin. Da ita auta ya tafi ban ruwansa, don ya san ba a yarda ya taɓa wasakin kowa ba. Mutane sunka taru, amma nesa-nesa, ko a ranar ba wanda ya kama mana. An rufe shi kafin azahar. Baƙin Deule sunka yi gaisuwa, anka ɗaga sa rana zuwa bayan girbi.

Kwanaki sunka wuce. Abin da ke cina shi ne na ɗauka likita ya yi kuskure, ƙwayar ba ta karɓe shi ba, ni kuma na rufe kuskuren da ƙarya. Na ɗauki laifin duka na aza a kaina, kuma ina ganin inna ma abin tausayi ce, ta yi don so ne Allah bai nufa ba.

Kwana biyu bayan sadakar bakwai wata ya kama. Da hantsi ina shara, inna ta kira ni ɗaki. Ta ɗauko gorar daga rataye, ta sunkuya ta tsinci tsakuwa ɗaya a ƙofa ta jefa ciki, ta miƙo mani.

Ta ce, "Gobe za ku Madawa. Kada ki ce ya rasu. In ya tambaya, ki ce shina garka."

Na ɗauka baƙin ciki ya taɓa mata kai. Na ce, "Inna, wa zai sha?"

Ta juya ido wajen zaure. Ban san yadda zan faɗi abin da na ji ba. Barcin hantsi, da hannun safe da ya daina fizga, da idon auta da bai taɓa nauyi ba, duk sunka zo mani lokaci guda. Na zauna a ƙasa.

Na ce, "Guda nawa auta ya sha?"

Ta mai da ido kan gorar.

Na ce, "Inna, don Allah, guda nawa?"

Ta ce, "Ba zai ishi biyu ba."

Na ce, "To ɗacin fa?"

Ta ce, "Garin maɗaci ne, ɗan kaɗan."

Sannan ta yi bayani, muryarta ƙasa-ƙasa, ba hawaye. Wancan na zaure shekara uku ke nan shina faɗuwa, jefi-jefi, kullum da farkawa daga barci, shi ya sa ita ke kai mashi ruwan safe ta saki asabari. Ba wanda ya sani. In ya shiga gidan likita da ƙafarsa, kafin ya dawo labari ya riga shi Deule, ba aure, ba mai zuwa gayyarmu, ba mai sayen albasar da ya taɓa. Ta ce, "Auta ya riga ya faɗi a kasuwa, nashi ya fito. Wancan shina tsaye. In ya faɗi, mu duka mun faɗi, har ke. Wa zai ci da ke? Wa zai aure ki?"

Na ce, "Shi ya sa kinka aike ni. Don ni ce ke iya kuka a gaban likita da gaskiya."

Ta ce in rage murya.

Ban rage ba. Na gaya mata maganganun da ɗiya ba ta gaya wa uwa, kuma har yau da nake da jikoki ban janye ko ɗaya ba. Na san yunwa, na san abin da ake nufi da gida ba namiji, ba sai an koya mani ba. Da ta zaunar da ni ta ce ga halin da ake ciki, ƙila da na yi kuka na haƙura, ƙila da na ce a raba ƙwayar, ƙila da na roƙi likita a ɓoye. Amma ta bar ni wata uku ina jefa tsakuwa ina tsine wa maganin da bai taɓa shiga bakinsa ba. Ta bar shi shina toshe hanci shina shan maɗaci, shina kife ƙwarya don mu yaba mashi. An ci amanata, an ci tashi, kuma da hannuna anka ci. Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tamu ta yi, ni na ga an hawo da shi gangare.

Abin da ya fi tsaya mani shi ne ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Likita ya ce irinsa ne ƙwaya ke kamawa. Ga shi ta kama wansa, ciki ɗaya, har fizgar hannu ta kwantar. Ƙila da auta ya sha da yanzu tsoho ne shina damun jikokinsa da labarin raƙuma. Ƙila kuma da ba ta yi ba. An duba shi, an zaɓe shi cikin goma, ba a gwada ba.

Kuma na tafi, kada wani ya ɗauka na yi abin kirki. Kafin mu tashi na je bayan rumbu na zaro tsakuwoyin da na ɓoye, ashirin da ɗaya, na ƙulle a zane da niyyar in zube su gaban likita in faɗi komi. Duk tsawon hanya wana na gaba da jaki, ni ina baya ina kallon ƙeyarsa. Ina ta gaya wa kaina ƙila shi bai sani ba, ƙila cikin fura take dama mashi, shi ma an rufe shi kamar yadda anka rufe ni. Shi ne fa ya faɗa rijiya ya ɗauko shi, shi ya haƙa kabarin. Na ga yadda ƙafarsa ta tsage da faso, na tuna ba mu da wata hauyar. Kafin mu shiga Madawa ƙullin ya yi mani nauyi, na kwance shi na zubar a gefen hanya.

Likita ya girgiza gora, ya ji ƙarar guda ɗaya, bai ma buɗe ba. Ya ce, "Ina mai raƙuma?"

Na ce, "Shina garka."

Ya ji daɗi ƙwarai. Ya juya wurin wata mata da ke riƙe da ɗiyarta, sabbin zuwa, ya ce mata ga yayar yaron da yake ba su labari, na wajen Tama, wanda ya sauko daga goma zuwa ɗaya. Matar ta dube ni ta ce Allah ya sa tata ma ta dace haka. Na ce amin. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya ƙirga ƙwayoyi ya naɗe, ya ce bayan girbi in kawo shi ya ga tsawon da ya ƙara. Wannan ne zuwana na ƙarshe. Yadda sunka yi daga baya ban tambaya ba, kuma ba wanda ya sake miƙo mani gora.

Na fito. Wana na zaune a gindin tsamiya shina gyaran igiyar mangala. Kullum a bakin zane nake ƙulle takardar in kai wa inna. Ranar ban ƙulle ba. Na je na tsaya gabansa, na miƙa mashi ita a tafin hannu, ina kallon fuskarsa, ina roƙon Allah a raina ya sa ya ce mani mi ne ne wannan, mi zai yi da maganin auta.

Ya duba dama, ya duba hagu. Ya karɓa ya sa aljihu. Ya ce in hau jaki, rana na yi.